Yagewar Tantanin Ido: Yadda Likita Ke Rubuta Ta, da Yadda A Ke Ba Ta Lamba

An shirya wannan 'yar takarda ne domin Hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da kuma malaman da ke riƙe da littattafan ofisoshinsu. Dalili kuwa, sau da yawa talaka ya kan komo daga asibitin ido da takarda a hannu, bai iya karanta ta ba, sai ya nufi ƙofar Hakimi, domin a nan ne ya san ba a rasa mai karatu. Malam ya buɗe, ya ga rubutun likita na gaggawa, ga wani zane kamar fuskar agogo, a ƙasa kuma ga harafi ɗaya da 'yan lambobi kamar haka: H33.3. In malamin bai san abin da a ke nufi ba, sai ya ninke takardar ya mayar wa mai ita, ya ce Allah ya sawwaƙe. Alhali kuwa mai yiwuwa ne abin da ke ciki shi ne a komo asibiti bayan mako ɗaya, in an yi sakaci ido ya tafi.

Saboda haka mu ka ɗauki wannan ciwo guda ɗaya domin mu bi shi daki-daki, tun daga cikin idon majinyaci, zuwa alƙalamin likita, har zuwa teburin akawun da ke sa lamba. Malaman ofis za su fi kowa saurin gane zancen, gama sun san abin da rajista ta ke, sun kuma san ɓarnar da layi ɗaya ke yi in an cika shi da ka.

YADDA CIWON YA KE

Ƙwayar idon babban mutum tsawonta wajen milimita 24 ne daga gaba zuwa baya. A jikin bangonta na ciki, daga can baya, akwai wani tantani siriri ƙwarai, kaurinsa bai kai rabin milimita ba a galibin wurare. Likitoci suna kiransa ratina, mu kuwa a nan za mu kira shi tantanin gani, domin a kansa ne haske ke sauka, shi ne kuma ke aika labarin abin da a ka gani zuwa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da ya fi ko'ina kaifi, wanda da shi ne a ke karatu, a ke zura zare a allura, a ke kuma shaida fuskar mutum. Wannan za mu kira shi cibiyar gani. A riƙe sunan nan, za mu komo kansa.

Sararin da ke gaban tantanin cike ya ke da wani abu mai yauƙi, garai-garai kamar farin ɗanyen ƙwai. Sa'ad da mutum ya fara manyanta, galibi daga shekara 50 zuwa sama, wannan ruwan yauƙi ya kan tsinke, ya tsuke, ya janye jikinsa daga tantanin. Ga yawancin mutane ya kan rabu lami lafiya. Amma ga waɗansu akwai inda ya manne da ƙarfi, to, da ya zo janyewa sai ya fizgi tantanin ya yi masa ɓaraka. Wannan ita ce yagewar da mu ke magana.

Ɓarakar ita kaɗai ba ta makantarwa. Abin tsoro shi ne abin da ke bin bayanta. Kowa ya ga yadda katanga ke yi da damina: yaɓe ya ɗan tsage daga sama, ruwa ya sami hanya ya riƙa shiga ta bayansa, yau da gobe sai a wayi gari yaɓen ya ɓamɓare gaba ɗaya. Haka tsinkakken ruwan nan ke bi ta ɓaraka ya shiga bayan tantani ya ɗaga shi daga bangon da ke ciyar da shi. Wannan shi a ke kira ɗayewar tantani, kuma a kowace shekara ta kan sami wajen mutum 1 cikin 10,000. Duk inda tantani ya ɗaye, gani ya ɗauke a wurin.

Babu zafi ko kaɗan, domin tantanin ba shi da jijiyar jin ciwo, ido kuma ba ya ja, ba ya kwantsa. Abin da mutum zai lura da shi uku ne. Zai ga walƙiya a gefen ido, ko da a cikin ɗaki mai duhu. Zai ga baƙaƙen ɗige-ɗige sun taso masa farat ɗaya, kamar ƙudaje ko saƙar gizo, duk inda ya juya ido suna biye. In kuwa har ya fara ganin inuwa kamar an sako labule daga gefe ɗaya, to, ruwa ya riga ya shiga. Cikin waɗanda su ka zo asibiti da walƙiya da ɗige-ɗigen nan sababbi, a kan tarar da ɓaraka a wajen mutum 1 cikin 10, ko fiye. Waɗanda abin ya fi yi wa barazana su ne masu gajeren gani da ba su hangen nesa sai da tabarau mai kauri, da waɗanda a ka yi wa aikin yanar ido, da wanda ya taɓa samun bugu a ido, da wanda abin ya taɓa samun ɗaya idonsa ko wani na jininsa. Masu ciwon sikila ma, tun ba irin wanda a ke kira SC ba, ya kamata a riƙa duba bayan idonsu, gama ciwon ya kan taɓa jijiyoyin jinin tantani har ya kai ga ɗayewa.

DALILIN DA YA SA LIKITAN IDO KE ZANE

A shekarar 1851 ne wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin da a ke leƙa cikin idon mai rai da shi. Daga nan likitoci su ka fara ganin tantani a ɗaye, har ma da ɓarakar, amma da yawansu su ka ɗauka ɓarakar sakamakon ɗayewar ce, ba sanadinta ba. A ka yi shekaru fiye da sittin ana gwada magunguna iri-iri, da ƙyar a ke samun wanda ya warke.

Wanda ya warware al'amarin shi ne Jules Gonin, likitan ido a birnin Lozan ta ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1870 zuwa 1935. Shi ya tsaya kai da fata cewa ɓaraka ita ce tushen ciwon, in an nemo ta an toshe, tantani zai koma ya kwanta. Ya kan ƙona wurin da ƙarfe mai zafi ta bayan ƙwayar ido, watau kusan irin lalas, amma a gwargwadon kan allura. To, mai irin wannan aiki ba shi da damar kuskuren wuri. Dole ya zauna ya duba ido tsawon lokaci, ya zana inda ɓaraka ta ke a takarda, ya auna, sa'an nan ya taɓa majinyaci. A babban taron likitocin ido na duniya da a ka yi a Amsadam a 1929 ne a ka sallama masa, da a ka ga wajen rabin waɗanda ya yi wa aiki sun sami sauƙi. Almajirinsa, Marc Amsler, tare da wani abokin aikinsa Dubois, su ne su ka tsara taswirar da har yau a ke zane a kanta.

Bayan wannan aiki ya yi ta sauƙi. Wani likita a Jamus, Gerd Meyer-Schwickerath, ya lura da yadda rana ta ƙona tantanin waɗanda su ka kalli husufin 1945 da tsirarin ido, sai ya yi tunanin a mai da wannan ƙuna ta zama magani. A 1949, a birnin Hambag, ya yi wa majinyaci aiki da hasken rana da ya tattaro daga kan rufin asibiti. Yau da hasken lesa a ke yi, ko kuwa da wani ƙarfe mai tsananin sanyi. A kan kewaye ɓarakar da 'yan ƙone-ƙone ƙanana, su zama tabo, tabon ya manne tantani da bango kamar yadda maƙeri ke like bakin tulun ƙarfe. Aikin 'yan mintoci ne, ba a ko kwantar da mutum, sai dai mannewar ba ta ƙarfi sosai sai bayan kwana 10 zuwa 14. Sabuwar ɓaraka mai alamu, wadda ruwan yauƙi ke ci gaba da ja, in an ƙyale ta, daga sulusi zuwa rabi ta kan kai ga ɗayewa. In an kewaye ta da wuri, abin ba ya kai 5 cikin 100.

ABIN DA YA WAJABA A GANI A TAKARDAR LIKITA

Farkon abu, kuma mafi girma, wane ido ne. Wannan zai zama kamar abin dariya ga wanda bai taɓa aikin ofis ba, amma malamai sun san cewa abin da kowa ya ɗauka sananne ne shi a ka fi mantawa a rubuta. Likitoci da yawa suna amfani da taƙaitattun haruffa na Latin: OD idon dama, OS idon hagu, OU duka biyu. Akwai haɗari a ciki, domin OD da OS harafi ɗaya ne ya raba su, rubutun gaggawa kuwa ba ya bambanta su sosai, ga shi kuma a takardar magani "od" na nufin a sha sau ɗaya a rana. Ni a ganina babu abin da ya fi a rubuta dama ko hagu da cikakkiyar kalma, ko da za a ƙara daƙiƙa biyu.

Sa'an nan sai irin ɓarakar. Wadda ta fi haɗari ita ce mai siffar kofato. Turawa sun sa mata sunan ƙarfen nan mai lanƙwasa da su ke kafa wa doki a kofato, amma duk wanda ya taɓa ganin sawun doki a kan damshi ya san siffar. A irin wannan, ɓallen tantanin bai rabu ba, yana nan kamar harshe, ruwan yauƙi yana riƙe da bakinsa yana ja, saboda haka ƙofa a buɗe ta ke kullum. Akwai kuma huji zagayayye, wanda ya kan samu inda tantani ya zaizaye da kansa ba tare da an ja shi ba. Shi galibi ba shi da gaggawa, sau da yawa ma likita ya kan bar shi ya riƙa dubawa kawai. Akwai inda ɓallen ya tsinke sarai yana yawo a saman hujin kamar murfi. Akwai ƙatuwar ɓaraka, wadda ta ci rubu'in kewayen ido ko fiye. Akwai kuma wadda bakin tantanin ne ya ɓalle daga inda ya ke kafe a gaba, kamar yadda ɗinki ke warwarewa daga gefen riga, ita kuwa an fi ganinta ga samari bayan bugu.

Wurin da ɓaraka ta ke kuma da agogo a ke faɗinsa. A kan ɗauki bayan ido kamar fuskar agogo, sama ƙarfe 12, ƙasa ƙarfe 6, sai likita ya rubuta, misali, ɓaraka ɗaya a ƙarfe 10. Ƙatuwar ɓarakar nan da mu ka ambata ita ce wadda ta kai tsawon awa 3 a wannan agogo. Galibin ɓaraka a sama su ke, ta wajen kunne, kuma na sama sun fi gaggawa, domin ruwan da ya shiga ta sama nauyinsa ya kan sa ya gangara ya ɗaye abin da ke ƙarƙashinsa.

Taswirar da a ke zane a kanta da'ira uku ce, wata cikin wata, da layi 12 na agogo. Launuka kuma ba yadda mutum ya ga dama ba ne, akwai ƙa'idar da a ka saba: ja shi ne tantanin da ke kwance lafiya, shuɗi wanda ya ɗaye, ɓaraka a cika ta da ja a kewaye da shuɗi, kore kuwa abin da ke yawo cikin ruwan yauƙi, kamar jini. Wani abin sha'awa, madubin da likita ke ɗaurawa a goshi, wanda Charles Schepens ya kyautata cikin shekarun 1940, yana nuna cikin ido a kife ne, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Don haka likita ya kan juya takardar ya yi zanensa a kife, in ya gama ya daidaita ta sai kome ya zauna a mazauninsa. Wanda bai ƙware ba ya kan sa ɓarakar ƙarfe 10 a ƙarfe 4.

Bayan waɗannan sai babbar tambaya: tantani ya ɗaye ko bai ɗaye ba? In ya ɗaye, ruwan ya kai cibiyar gani ko da saura? Wannan layi ɗaya shi ke yanke ranar aiki. Muddin cibiya tana kwance, a kan yi ƙoƙari a yi aiki cikin kwana ɗaya, domin a tsare ganin karatu. In ruwa ya riga ya ɗaga ta, ko an mayar da tantani wurinsa, ba safai gani ke komawa kamar da ba. Likita nagari zai kuma rubuta ranar da alamu su ka fara, da ƙarfin ganin kowane ido a ranar, da ko ya ga jini ko wata ƙura mai launin garin taba a cikin ruwan yauƙi, gama ƙurar nan kusan shaida ce cewa akwai ɓaraka ko da ba a gan ta ba tukuna. Zai rubuta cewa ya duba kewayen duka, ya duba ɗaya idon, da abin da ya yi, da ranar komowa. Abin da ya duba bai sami kome ba ma lalle ne ya rubuta, domin likitan da zai gaje shi ba shi da hanyar sanin ko an duba an ga lafiya ne, ko kuwa ba a duba ba sam.

KUNDIN LAMBOBI

To, ina lamba ta shigo? Asalinta ƙidaya ce. Likita ɗaya zai ce yagewa, wani ya ce huji, wani ya rubuta da Faransanci, wani da Larabci. Mai son ya san mutum nawa ciwon ya kama a ƙasa cikin shekara ba zai iya haɗa waɗannan ba sai an ba kowane ciwo lamba ɗaya da kowa ya yarda da ita.

Tun a 1662 wani ɗan kasuwa a Landan, John Graunt, ya zauna ya tattara takardun mace-macen birnin ya fitar da lissafi daga cikinsu. William Farr, wanda ya kama aikin ƙididdiga a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila a 1839, ya yi fama da a daidaita sunayen cututtuka. Amma jerin da duniya ta fara karɓa shi ne na Jacques Bertillon, shugaban ƙididdiga na birnin Faris, wanda a ka amince da shi a wani taro a Shikago a 1893. Wancan jeri na sanadin mutuwa ne kaɗai, saboda haka ciwo irin namu, da ya ke ba ya kisa, ba shi ne abin kula ba. Sai a 1948, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin a gyara na 6, a ka shigo da cututtukan masu rai sosai. Sunan littafin Kundin Rabe-raben Cututtuka na Duniya, a kan taƙaita shi da haruffa uku, ICD. Gyara na 10 an amince da shi a 1990, ƙasashe su ka fara aiki da shi daga 1994. Gyara na 11 an amince da shi a 2019, ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 2022, ko da ya ke ƙasashe da yawa har yanzu da na 10 su ke aiki, domin sauya kundi ba aikin rana ɗaya ba ne.

A ICD-10 cututtukan ido suna daga H00 zuwa H59. Gidan H33 shi ne na ɗayewar tantani da yagewarsa. A cikin gidan akwai ɗakuna, biyu ne namu: H33.0, watau akwai ɓaraka kuma tantani ya ɗaye, da H33.3, watau akwai ɓaraka amma bai ɗaye ba. Dubi yadda lamba ɗaya tak bayan ɗigo ta raba aikin mintoci kaɗan a kan kujera da babban aiki a ɗakin tiyata. A ICD-11 gidan ya koma 9B73.

Ƙasar Amurka ta ɗauki kundin nan ta faɗaɗa shi domin bukatarta, ta kira nata ICD-10-CM, ta fara aiki da shi ran 1 ga Oktoba, 2015. Lambobinsa sun kai wajen 70,000, inda wanda ya gabace shi bai wuce wajen 14,000 ba. Dalilin yawan kuwa, a can lamba ita ce takardar neman kuɗi. Kamfanin inshora ba ya biyan asibiti sai ya ga lambar ciwo ta dace da lambar aikin da a ka yi. A tsohon kundinsu ɓaraka mai siffar kofato lambarta 361.32 ce, ba ruwanta da dama ko hagu. A sabon kuwa ga yadda a ke karanta ta. H33.3 mun san ta. In a ka ƙara 1 ta zama H33.31, mai siffar kofato ke nan, har da mai murfi a nan a ke sa ta. H33.32 huji zagayayye, H33.33 ɓaraka fiye da ɗaya, H33.30 kuwa ɓarakar da ba a faɗi irinta ba. Lamba ta ƙarshe ita ce ta ido: 1 dama, 2 hagu, 3 duka biyu, 9 ba a faɗa ba. Watau wanda ya ga H33.311 ya san an ce ɓaraka mai siffar kofato, a idon dama, tantani bai ɗaye ba. H33.322 kuwa huji ne zagayayye a idon hagu. Ɗakin ɗayewa ma haka a ka raba shi: H33.01 ɗayewa da ɓaraka ɗaya, H33.02 da ɓaraka da yawa, H33.03 da ƙatuwar ɓaraka, H33.04 da ɓallewar baki, H33.05 tantani ya ɗaye duka. Aikin da a ka yi kuma yana da nasa littafi dabam, inda kewaye ɓaraka da lesa ke da lamba 67145, da sanyi kuwa 67141, kuma a nan ma sai an nuna wane ido. In lambar ciwo ta ce dama, ta aiki ta ce hagu, a kan mayar da takarda ba biya.

A Nijeriya ma zancen ya fara shafar kowa, tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ga kuma asibitoci suna komawa ajiye bayanai a kwamfuta.

INDA AKAWU KE TUNTUƁE

Ƙa'idar aikin sa lamba ɗaya ce: akawu ba likita ba ne, abin da a ka rubuta shi zai sa wa lamba, ba abin da ya ke zato ba. In likita ya rubuta ɓaraka kawai ya yi shiru, ko da akawu ya ga zane mai kama da kofato, ba shi da ikon yanke hukunci. Hanya biyu gare shi, ko ya tashi ya je ya tambaya a gyara rubutu, ko ya sa H33.309, lambar da ke cewa ba a san iri ba, ba a san ido ba. Ta farko ita ce ta mai aiki tsakani da Allah. Ta biyu kuwa, in ta yi yawa a littafin asibiti, ƙidayar shekara ta zama kamar rajistar shanun da a ka rubuta yawansu ba a rubuta mai su ba.

Akwai kuma lambobin da ke maƙwabtaka su na ruɗi. Hujin da ke cikin cibiyar gani kanta ciwo ne dabam, maganinsa dabam, gidansa H35.34 ne, ba H33.32 ba, ko da ya ke dukansu huji a ke ce musu. Wurin da tantani ya zaizaye ya yi siriri amma bai huje ba, H35.41 ne. Tabon da ya rage bayan aikin ɗayewa shi ma ba a sa masa lambar sabuwar ɓaraka. Ga majinyacin da ba a kwantar ba, ƙa'idar Amurka ta hana a sa lambar ciwon da a ke tuhuma kawai. In likita ya ce yana zaton ɓaraka amma jini ya tare masa gani, to, lambar abin da a ka tabbatar za a sa, watau jinin ko ɗige-ɗigen, har sai an ga ɓarakar da ido.

Abu ɗaya da ya kamata a sani, lamba duk tsawonta ba ta ɗauke kome da kome ba. H33.011 ba ta faɗin ko ruwa ya kai cibiyar gani, ba ta faɗin ƙarfe nawa ɓaraka ta ke, ba ta faɗin yaushe abin ya fara. Waɗannan kuwa su ne likitan da a ka tura wa majinyaci zai fara nema. Don haka in za a kwafi takardar asibiti domin a aika da ita wani wuri, kada malam ya ɗauki lambar kaɗai ya bar rubutun da zanen. A haɗa su duka, in da hali a aika da ainihin takardar.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Duk wanda ya zo da kukan walƙiya da ɗige-ɗige sababbi a ido ɗaya, balle inuwa, a tura shi asibitin ido a ranar ko washegari, kada a ce sai an gama girbi ko sai ranar kasuwa. Kwalli da tofi da maganin ɗigawa na kanti ba su kai wa bayan ido. Ba kowane asibiti ke da likitan tantani ba, saboda haka in ƙaramin asibiti ya ba da takardar turawa zuwa babba, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, a taimaka wa mai ita da abin mota ya tafi nan da nan. Wanda a ka duba ba a ga kome ba, a ka ce ya komo bayan mako 4 ko 6, lalle ya koma, domin ɓaraka ta kan fito daga baya. Haka wanda a ka riga a ka yi wa lesa, wata sabuwa tana iya fitowa a wani wurin.

Takardar asibiti asirin mai ita ce. Malam ya karanta masa a keɓe, ba a tsakiyar fada ba, ya nemo masa ranar komowa ya faɗa masa da lissafin da ya sani, kwana kaza bayan Jumma'a mai zuwa. In ya ga takardar ta ce hagu alhali mutumin dama ya ke nunawa, kada ya goge kada ya gyara, ya rubuta 'yar wasiƙa dabam ya manna, likita ya gani. Ranar tafiya kuma a haɗa majinyaci da ɗan rakiya, domin za a ɗiga masa maganin da ke buɗe tsakiyar baƙin ido, ya yi awoyi yana gani dishi-dishi, rana tana kashe masa ido, ba zai iya tuƙa babur ko ƙetare titi shi kaɗai ba. Ya tafi da tabaransa, da katinsa na asibiti, da duk wata tsohuwar takardar ido da ke ajiye a gida.